Dogon Bututun Motar Merv

Litinin, da yamma

Merv ya dawo da motar daga garin Mareeba, ban gane ta ba.

Ina zaune a baranda na ji wata mota ta taka ƙarafan ƙofar shinge tana gurnani irin na motocin masu haƙar ma'adinai. Har na miƙe zan shiga in canza riga saboda baƙo, ashe mijina ne. Tun akori-kurar nan tana sabuwa da kunne nake sanin ta. Tana yin ɗan tari in ta hau tudun bayan kogi, kuma daga yadda Merv ya sa giya a kwanar mangwaro nake gane ko ya dawo da fara'a ko wani ya ɓata masa rai a gari. Yanzu da kunnen ne kusan duk abin da ya rage mini, shi ne ya je ya canza mata murya ba tare da ya ce mini uffan ba.

Ya kama hannuna ya ɗora a kan abin. Bututu ne mai kaurin cinya, ya fito daga gefen bonet ta ɓangaren da nake zama, ya bi jikin gilashi har saman rufi, da wani kai a samansa mai raga a baki.

"Ta nan za ta riƙa shan iska yanzu," in ji shi. "Ko ruwa ya kawo bonet ba za ta shaƙa ba. Kuma Dusko mai gareji ya jona mata kwamfuta ya sake saita ƙwaƙwalwar injin, ƙarfinta ya ƙaru."

Na ce, "Ƙarfin me? Tsere za ka shiga da tsufanka?"

"Ke dai ba a burge ki, Glenys."

Mutumin da ya ɗaure murfin bayan motar nan da wayar shinge shekara da shekaru don kada ya sayi sakata, yau shi ne ya kai ta gareji aka yi mata kwalliya. Ruwa ba ya tsami banza.

Talata, da hantsi

Da baƙin alƙalamin nan mai kauri da 'yata Tamsin ta aiko nake rubutu, kalma biyar ta cika layi. Ba na iya karanta abin da na rubuta, saboda haka in na maimaita kaina babu mai kama ni.

Kowa a nan ya san ƙa'ida, mu daminarmu a ƙarshen shekara take sauka. Kafin Kirsimeti sai ka zaɓi gefen kogin Harlow da za ka yi damina a kai, domin in ya cika ya rufe maƙetara, shi ke nan sai Maris. Masu ciki da marasa lafiya su haye, mu sauran mu jibge gari da gwangwanaye da man janareta mu zauna. Tun ranar da likitan ido ya faɗi abin da ya faɗa Tamsin ta saka ni a layin masu hayewa. Wai ta gyara mini ɗaki a gidanta a birnin Cairns. Na san irin wannan ɗakin, daga shi sai gidan tsofaffi.

A gidan nan ƙafata ta san kowane katako. Ina dafa abinci, ina shanya, ina kwashe ƙwai, babu mai riƙe mini hannu. A can kuwa zan zama wadda ake ajiyewa a kujera a ce mata kada ta motsa.

Merv ya yi mini alkawari a kan teburin nan. Ya ce, "Muddin ina numfashi babu mai fitar da ke." To in zama za mu yi, mene ne amfanin motar da ke numfashi cikin ruwa?

Alhamis, da azahar

Tun da sassafe ya fita. Wai Dusko ya ce a riƙa kai ta yana duba saitin.

Bai daɗe da tafiya ba sai ga Raelene maƙwabciyarmu da kek a faranti. Raelene da ke yin wata guda ba ta taka gidan nan ba.

"Wucewa nake yi na ce bari in leƙo."

Na ce, "Wucewa zuwa ina? Hanyar a ƙofarmu ta ƙare, ƙawata."

Ta yi dariyar nan tata mai kama da kukan zabuwa, ta dasa kujera, har yanzu tana nan tana wanke mini kofunan da na riga na wanke.

Juma'a, da yamma

Bai taɓa naman ba. Na ji lokacin da ya zuba wa karenmu Digger a ƙarƙashin tebur, kare kuwa ba ya iya cin amana shiru.

Rigarsa ta jiya tana ƙamshin wani sabulu da ba namu ba. Ba na gareji ba ne, na san warin garejin Dusko, baƙin mai ne da taba.

Lahadi, da la'asar

Lachie mijin Raelene ya zo kallon bututu. Maza biyu masu furfura sun tsaya suna yabon roba kamar an yi musu haihuwa. Merv ya tayar da injin, ya sa Lachie ya rufe bakin bututun da ledar burodi. Motar ta yi kakari ta mutu nan take.

"Ka gani?" in ji Merv. "Da akwai inda yake yoyo da ba ta mutu ba. Aikin yaron nan babu algus."

Lachie ya ce, "Bututu dai ba ya hana kogi ɗaukar mota, abokina. Shekaran bara wani ɗan birni da nasa bututun ya tafi, a saman bishiya aka tsinto shi."

"Shi bai san kogin ba."

"Kai kuma me zai kai ka ciki?"

Na ji takalmin wani yana murza tsakuwa. Ni ina bakin taga ina yanka kabewa, sun manta makafi suna da kunne. Na rubuta kalmar. Ba zan sake rubuta ta ba.

Talata, da safe

Ya ɗaura igiya daga sandar baranda zuwa akurkin kaji, wata kuma zuwa ɗakin janareta. Wai don in riƙa bi in ƙasa ta yi santsi. Ya kuma sa ni na tayar da janareta da hannuna har sau uku.

Na rasa gane wannan. Wanda zai fitar da ke daga gida ba ya koya miki janareta. Sai dai in so yake in saki jiki.

Alhamis, da hantsi

Ya sake tafiya. Raelene ta sake wucewa.

Da ta zaga bayi na lalubi wayar na kira gareji. Lambar tana kaina tun zamanin uban Dusko.

"Dusko, Glenys Tulloch ce. Ba ni Merv."

"Ina kwana, Mama. Merv? Ai bai... wato yanzun nan ya fita."

"Ya fita ina, ya bar maka motar?"

"E to. A'a, da motar ya fita. Gwaji."

"Wane irin saiti ne wannan da sai an duba shi kowane mako kamar jinjiri?"

"Sabon abu ne, Mama, sai a hankali yake zama."

Na ce, "Ɗan nan, na san ka tun kana satar lemo a gonar limamin coci. A lokacin ma ba ka iya ƙarya ba."

Ya ce wai ga mai mota ya shigo, ya ajiye waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. To ina Merv yake zuwa? Daga Mareeba zuwa Cairns ai ba nisa. Gidajen tsofaffi suke zagayawa shi da Tamsin, suna taɓa katifu suna tambayar farashi, na rantse.

Alhamis, da almuru

Ya taka ƙarafan ƙofa na sake zaton baƙo ne. Na tsani muryar motar nan.

Asabar, da tsakar rana

Zafin da ake yi jemagu ma faɗowa suke daga bishiyar mangwaro, amma Merv riga mai dogon hannu yake sawa, har da maɓalli. Ya kuma kwashe shimfiɗarsa ya koma baranda, wai ɗakin ba iska. Shekarunmu nawa a ɗakin nan, bana ne ya gano ba iska?

Ina ninke kaya na shafa bel ɗinsa, na ji sabuwar huda da aka yi da ƙusa, can ciki. Na ɗan yi tunanin ko mace ce, sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Wa za ta kwashi Merv da munsharinsa? Ba mace ba ce. Mai kaza a aljihu ne kawai, abin da yake shirin yi mini ne yake cinsa, ya hana shi ci, ya hana shi kwana kusa da ni. Ya ci gaba da ramewa, alhakina ne.

Lahadi, da yamma

Hadari ya taso ta yamma, ya yi ta rugugi bai zubar ba.

Litinin, da hantsi

An sauko da akwatin nan na fata daga saman kabad. Na sa hannu a inda yake zama, babu shi, na same shi a bayan kujerar mota. Na buɗe. Kayan barcinsa ne, da reza, da silifas, da ƙaramin rediyonsa. Babu nawa ko ɗaya.

Wato shi zai kwana biyu a can har in saba, ni kuwa Tamsin ta riga ta saya mini sababbi. Irin rigunan nan masu maɓalli a gaba, don mai yi miki wanka ya ji sauƙi.

Na mayar da komai yadda yake. Da ya shigo shan shayi na ce, "Merv, alkawarinmu yana nan?"

"Wane alkawari kuma?"

"Kada ka raina mini hankali."

"Yana nan, 'yar tsohuwa. Babu mai fitar da ke."

Ya faɗa da sauri ƙwarai, kuma fuskarsa ba ta wajena take ba, don muryar bango ta bugo kafin ta iso ni.

Talata, da safe

An kwana ana ruwa. Kwaɗi sun cika duniya. Lachie ya bugo ya ce ruwa ya hau kan simintin maƙetara, ya kai idon sawu.

Talata, da la'asar

Ya ja wayar har bayan tankin ruwa, iyakar inda igiyarta ta kai. Ni kuma na je kwashe shanya, wadda babu ita.

"Alhamis ɗin nan dai za a iya," na ji yana cewa. "A'a, ba ta sani ba. Tamsin, na ce kada ki gaya mata. Ni na san yadda zan yi da ita."

Yadda zai yi da ni. Kamar tsohuwar saniyar da za a lallaɓa a tura cikin mota.

Ban yi kuka ba, kuma ba zan yi ba. Amma ban taɓa jin zafin wani mutum kamar yadda nake jin na Merv yau ba, kuma mutumin nan shi ne ya riƙe ni a asibiti ranar da aka faɗa mana maganar idon.

Laraba, da yamma

Da safe ya sassauta kan bututun ya juya bakinsa baya saboda ruwan sama, na ji bai ƙara ɗaure shi sosai ba. Bayan azahar ya kwanta, kwanan nan kullum sai ya kwanta.

Na taka akwatin madara, ya ishe ni tsawo. Ɗanyen mangwaro guda cikin tsumman goge kwano ya shige cikin bututun daidai kamar don shi aka auna. Na mayar da kan yadda yake.

Su suka koya mini, da ledar burodi.

Alhamis, ban san ƙarfe nawa ba

Rubutun yau zai hau kan juna. Ba komai.

Na tashi na sa tsohuwar rigata ta aikin gida, na zauna a kicin ina jiran ya fara lallami. Na shirya masa amsoshi tun jiya. Sai kawai ya sha ruwa ya ce, "Sai na dawo. Raelene za ta leƙo." Bai ce in zo ba. Na ce a raina, wato Tamsin zai ɗauko su zo su biyu.

Motar ta tashi ta mutu. Ta sake tashi ta sake mutuwa. Na ji ya buɗe bonet, na ji ƙarar sifana, ruwa kuma yana zuba. Ya shigo ya kira Dusko yana zaginsa, wai kwamfutarsa ta lalata masa mota, dama shi bai taɓa yarda da injin da ke da ƙwaƙwalwa ba. Dusko ya ce ya duba wannan, ya duba wancan. Ya fita, ya dawo, ya fita. Ni ina zaune ina shan shayi, ina jin daɗi. Zan rubuta gaskiya, daɗi nake ji.

Har hantsi ya wuce. Lachie ya bugo ya ce ruwa ya kai gwiwa kuma yana hawa.

Sai Merv ya ɗauki waya, wannan karon bai ja ta bayan tanki ba, ina jin ƙarfin hakan ne ba shi da shi. Ya yi magana da muryar da yake yi wa ma'aikatan banki.

"Mervyn Tulloch ne. Ina da layi yau da rana. Ba zan iso ba, mota ce." Ya saurara. "In na tsallake na wannan makon fa?" Ya daɗe yana saurare. "To. Na ji. A'a, ki gaya wa likita na ji."

Ya fita, na ji shi a bayan tanki yana amai, irin wanda babu komai a cikin cikin. Daga nan ya zo ya zauna a matakalar baranda.

Na bi bango na same shi. Rigar ta jiƙe sharkaf ta manne masa, na kama damtsensa don in zauna, sai yatsuna suka taɓa wani abu a ƙarƙashin hannun rigar. Ɗan siririn bututu ne, an manne shi da filasta, ya shige cikin fata. Damtsen kuma ba na Merv ba ne, yatsuna sun kusa zagaye shi.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin mangwaro ya fara nuna."

"Me suka ce?"

"Ciwon daji ne, magani ta jijiya kowace Alhamis, har Maris. Sun ce in tare a Cairns."

"Ka ce musu me?"

"Na ce ina da shanu."

Bara muka sayar da shanunmu na ƙarshe. Na ce, "Wato ni ce shanun."

"Na yi miki alkawari, Glenys. Na lissafa, in da bututu da ƙarin ƙarfi zan iya hayewa in dawo ran nan, sai dai in kogin ya haukace. In sun riƙe ni kuwa, ga igiya, ga janareta, ga Raelene."

"Kai kaɗai cikin ruwa da kadoji, kana amai."

"Da tagar a buɗe nake yi."

Na tashi na jawo akwatin madara, na hau, na cire kan bututun, na zura hannu har gwiwar hannu na zaro abin na ajiye masa a cinya. Na ji yana warware tsumman.

"Mangwaro, Glenys?"

"Ɗanye."

Ya fara dariya, ta koma tari, daga nan ta koma wani abu dabam da ba zan rubuta ba. Na ce ya tashi ya mayar da abin da ya kwakkwance, ni zan haɗa kaya.

"In mun haye ba dawowa sai Maris," in ji shi.

"Na yi damina a nan kafin a haifi Tamsin, kada ka koya mini kogi."

Yana can yana ɗaure tamfol a gaban motar. Na ɗauki rigunana uku, da butar shayi, da littafin nan. Na zaga ɗakunan na taɓa abin da zan taɓa. Raelene za ta ɗauki kaji. Yana kira.

Juma'a, da safe, gidan Tamsin

Lachie ya tsaya mana a bakin kogi da tarakta da sarƙa, ko da wani abu. Ya ce, "Ya wuce cinya a sandar awo. Ni dai da ni ne..." Merv ya ce ai ba shi ba ne.

Muka sauke gilasai, muka cire bel, Digger a kan ƙafata. Merv ya sa giya ta biyu ya ce kada in yi masa magana, don ba a canza giya a tsakiyar ruwa, ba a kuma ɗaga ƙafa. Na ji sanyin ruwan ya bugi ƙofa, ya shigo ta ƙasa ya rufe mini idon sawu. Ƙarar injin ta dushe kamar an danne ta da matashi. Abin da ya rage sai bututun nan a daidai kunnena yana zuƙar iska, yana zuƙa, yana zuƙa. A tsakiya bayan motar ya ɗan goce, na ji tayoyin sun saki ƙasa. Merv bai ɗaga ƙafa ba, ni kuma na miƙa hannu waje na riƙe bututun kamar riƙon nawa zai hana shi tsayawa. Sai tayoyin suka kama.

Da muka hau tudu ya tsaya ya kifa kai a kan sitiyari. Na ce, "Aikin yaron nan babu algus."

Mun iso asibitin bayan an rufe sashen nasa. Sun ce ya zo Litinin.

Asabar, da yamma

Na buge ƙaurina a teburin Tamsin sau biyu, na fasa mata kofi. Ta ce, "Mama, ki zauna kawai, zan kawo miki." Na zauna.

Litinin, da la'asar

Na bi su asibiti. Sabulun nan ne, a bakin kowace ƙofa akwai shi.

Na tambayi likitan da bakina ko jinkirin ya ɓata wani abu. Ya ce, "Ko kaɗan, kada ki damu." Tamsin ma ta ce ko kaɗan. Merv ma ya ce ko kaɗan. Su uku kalma ɗaya, kamar sun haddace a mota. Likitan kuma sai da ya juya takarda kafin ya amsa.

Laraba, da hantsi

An daina ruwa tun Lahadi. Raelene ta bugo, wai kogin ya ja baya, simintin ya fito, zai yi kwana biyu haka kafin wani hadarin. Wai kaji sun ƙi yi mata ƙwai, igiyata kuma tana nan.

Merv yana kwance a doguwar kujera, ya ji komai. Ya ce, "Tamsin za ta iya kai ki gobe. Raelene ta ce za ta tare a wurinki. Ni alkawarina yana nan."

Na ga kicin ɗina a cikin kaina sarai, har inda rana take sauka a kan tebur, abin da na daɗe ban gani da ido ba.

Na ce, "Wa ya ce maka ina so? Nan akwai na'urar sanyaya ɗaki."

"Kin tsani na'urar sanyaya ɗaki."

"Na canza ra'ayi. Kai ma ai ka canza wa mota murya ba ka tambaye ni ba."

Ya lalubo hannuna. Yanzu shi ne mai lalube.

Alhamis, da almuru

Sun ce in zauna a gida yau, zaman can yana da tsawo. Na sa Tamsin ta ajiye mini kujera a bakin ƙofa kafin su tafi. Motoci a titin nan ba sa ƙarewa, duk muryarsu ɗaya.

Amma na gane ta. Tun daga kwanar shago na ji gurnanin nan da zuƙar iskar, na ce wa Digger ga su nan. Karo na farko ke nan tun da aka sa bututun.

Sai dai mai sa giyar ba Merv ba ne, Tamsin tana jan ta biyu fiye da kima. Motar ta tsaya, injin ya mutu. Ƙofa ɗaya ta buɗe ta rufe. Na jira ta biyu.

Tamsin ta hau matakala ta durƙusa a gabana ta ce, "Sun riƙe shi, Mama. Kwana biyu kawai, ba wani abu ba ne."

Na ce ta ɗauko mini akwatin fatar, da butar shayi, ta kuma tayar da motar mu tafi wurinsa.